'Yar Fari da Malamin Waya

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a cikin birni ya san abin da hakan yake nufi a wurin iyayenmu mata na da. Inna, mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa kiran sunana ba. Tun da na buɗe ido na san kaina har furfura ta fara leƙo mini ta gefen kunne, "ke" nake a bakinta. In kuma da wani take magana a kaina, sai ta ce "ita waccan", ta nuna inda nake da haɓa, ba ta ko ɗago ido. Kunyar ɗan fari ke nan. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni zuwa Gwammaja, a can na girma. In aka kawo ni Koki gaisuwa, Inna sai ta amsa a gajarce ta shige madafa kamar ta bar wani abu a kan wuta, ko da kuwa murhun ya daɗe da hucewa.

Kada a ce na ce ba ta sona. Kowa ya sha gaya mini tana sona, ni ma da hankalina na sani. Ta sha aiko wa kakata da ƙullin alkaki ko sabon zani, ta ce wai na mutan gida ne, alhali zanin ba wanda zai yi wa daidai a gidan sai ni. Amma sani daban, ji da kunne daban. Abin da nake so ɗaya ne tak, kuma ba na jin kunyar faɗarsa yanzu: in ji Inna ta sa mini albarka, ni kaɗai, a gabana. Ba irin wadda take watsawa kan taron 'ya'ya ranar salla kamar ana watsa wa kaji tsaba ba. Da na ga ƙafafunta sun fara ƙin ɗaukarta, sai son nan ya haɗu da tsoro, don na san lokaci ba ya jira.

Bayan rasuwar maigidana, 'ya'yana kuma duk sun yi aure, na tattara na dawo Koki na zauna da ita. Da safe in tafi firamaren da nake koyarwa, da rana in dawo in zama ƙafa da hannunta. Ƙannena uku duk sun yi nisa. Mai bi mini yana Fatakwal yana aikin kamfani, ƙanwarmu tana aure a Jidda, Auta kuwa, namiji, yana can Ingila yana aikin jinya. Su ukun nan sun kusa haukata ni da waya. Ina tsakiyar tuƙa tuwo wannan zai kira, yaya jikin Inna, ta sha maganinta? In ajiye, hannuna duk gari, waccan ta kira, tambayar dai ita ce. Kafin in kwashe tuwon Auta ya kira daga ƙasar da ba su san lokacin girki ba. Kowa kuma in ka taƙaita masa sai ya yi fushi, wai ana ɓoye masa wani abu. Ran nan na ce musu, ku ji nan, ni ba gidan rediyo ba ce. Daga yau ranar Juma'a zan rubuto muku labarin gida gaba ɗaya a zauren nan namu na waya, wanda ya ƙoshi ya ƙoshi, wanda bai ƙoshi ba ya hau jirgi ya zo ya gani da idonsa.

Faɗa da baki ya fi aikatawa sauƙi. Ni malamar makaranta ce, in na kama rubutu ba na iya barinsa a karkace. Sai in zauna ina danna 'yan haruffan nan da yatsa ɗaya, in rubuta in goge, har la'asar ta yi ban gama gaisuwa ba. Wata malama abokiyar aikina, 'yar Ƙofar Na'isa, ita ta gan ni ina fama a ɗakin malamai lokacin hutun tara, ta yi mini dariya son ranta, sannan ta karɓi wayar ta sa mini abin nan da ake kira AI. Ta ce, "Malama, zuba masa kawai yadda ya zo miki, ba waƙafi ba aya, ki ce ya shirya miki shi gajere. Kafin ki gyara ɗaurin ɗankwalinki ya gama."

Na ce mata ni abin da ba shi da uwa ba shi da uba ba zai rubuta wa 'yan'uwana wasiƙa ba. Amma da na gwada, wallahi sai da na riƙe baki. Na zuba masa tarkace: Inna ta samu sauƙin ƙafa, akuya ta haihu, ruwan daren Laraba ya zubar da katangar bayan soro, mai ƙosai ta bakin lungu ta daina suya jikarta ta karɓa amma ƙosan ba ya tashi. Kafin in ƙifta ido ga shi ya jero su tsaf, kowane labari a wurinsa, da gaisuwa a sama da addu'a a ƙasa. Hausarsa dai irin ta masu karanta labarai ce, mai sitati, ba ta lanƙwasa. Akuyarmu ma sai da ya ce wai ta sauka lafiya, muna taya iyali murna. Na gyara abin da zan gyara, na aika, na tashi na ɗora sanwa da sauran rana a gaba.

Inna ba a yin abu a gidanta a bayan idonta. Juma'a ta zagayo ta gan ni ina magana da waya ƙasa-ƙasa, ta ce, ba da ni take ba wai, da bango take, "Ita waccan da wa take ƙus-ƙus?" Na yi mata bayani iya yadda zan iya. Ta saurara, ta gyaɗa kai, ta ce ai ta gane, irin malaman nan ne da suke zama a bakin gidan waya a da, da teburi da alƙalami, ka faɗa musu su rubuta. Daga ranar sunansa ya zama malamin waya. Ta ce a karanto mata abin da malamin ya rubuta. Na karanta. Ta taɓe baki.

"Wannan ai labarin mai rubutu ne," in ji ta. "'Ya'yan nawa ne ko na malamin? A ce masa ya rubuta da bakina."

Haka aka koma. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da lungunmu yake cika da ƙamshin turare da ƙarar takalman masu dawowa, sai in shimfiɗa mata tabarma a inuwar rumfa, in jingina mata filo, in zauna daga gefe. Ita tana faɗa, ni ina zubawa, in ƙara da abin da na san ta manta, sannan in ce wa malamin ya mayar da shi wasiƙa gajeriya daga uwa zuwa ga 'ya'yanta. In ya gama in karanta mata, ta yi gyara. Gyaran Inna kuwa ya fi na sufeto tsanani. In ya ce "ina matuƙar kewarku", sai ta ce, "Kewa kuma? Mutuwa suka yi? A ce ina gaishe su." In ya tsallake gaisuwar surukai, ta ce malamin nan ba a yi masa tarbiyya ba. Wata rana ya rubuta cewa tana cikin ƙoshin lafiya, ta ce a goge, a sa "da sauƙi, alhamdu lillahi", kada a ja mata baki. Amma tana jin daɗinsa, na sani, don in na makara ita take cewa, "Yau malamin bai zo aiki ba ne?"

Wasiƙun nan sun yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Gajeru ne, ba su wuce abin da mutum zai karanta kafin shayinsa ya huce ba, amma gidanmu yana ciki. Ladan ya yi mura, ɗansa ne yake kiran salla, muryar ba ta kai tsakar gidanmu. An yi suna a gidan maƙera. Indararon ɗakin Baba ya karye, an sa sabo na kwano, Inna ta ce ƙararsa ba ta da kunya. Ƙanwata ta Jidda ta ce in ta karanta har ƙamshin ƙasar lungunmu take ji bayan ruwa. Kiran waya ya ragu, tuwona ya daina yin gudaji.

Sai dai akwai inda wasiƙar take yi mini ciwo, kuma duk mako sai ta taɓa wurin. Ƙarshenta Inna takan bi 'ya'yanta ɗaya-ɗaya. Na Fatakwal, a ce masa ya rage yaji, cikinsa irin na ubansa ne, Allah ya tsare shi. Ta Jidda, a ce ta shafa mata kan yara, Allah ya zaunar da ita lafiya a ɗakinta. Auta kuwa, tabɗi! In aka zo kan Auta sai muryar Inna ta narke kamar man shanu a kan tuwo. Ɗan autana, ɗan lelena, a ce masa ya riƙa sa rigar sanyi, Allah ya yi masa albarka duniya da lahira. Ni ce nake rubuta wannan duka da yatsana. Ni da na wanke mata ƙafa da asuba, na shafa mata man zafi, na tace mata kunu. In ta gama da Auta sai ta ce, "Shi ke nan, a aika." Ba ni a ciki, ko da a matsayin "ita waccan".

Shi malamin waya bai san wannan ba, ina zai sani? Wata Juma'a, cikin tarkacen da na zuba masa na sa cewa na kai Inna an duba mata ido. Ni don su san an je na faɗa. Da ya mayar da shi bakin Inna, sai ga shi ya rubuta wai yayarku ce ta kai ni, tana ƙoƙari da ni ƙwarai, ina gode mata. Allah ya so na saba duba rubutun da ido kafin in karanta a fili. Na ji kunya ta rufe ni kamar an kama ni ina satar nama a tukunya. Na goge layin da sauri. Da na koma ɗaki na zauna na wanke malamin tas. Na rubuta masa cewa, kai, wa ya aike ka? A garinmu uwa ba ta yabon ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, kada ka kuskura ka sake sa ni a bakinta. Ya ba ni haƙuri cikin ladabi, ya ce ya fahimta, ya ƙara da cewa wai al'ada ce mai zurfin ma'ana. Na ce a raina, ai dole ka ce haka, tunda ba kai aka haifa fari ba. Bai sake ba kuwa. Abin haushin, bayan na goge layin sai na yi ta jin zafin rashinsa, har na riƙa maimaita shi a zuciyata ina wanke-wanke.

Da damina ta yi nisa, ranar wata Juma'a na dawo daga makaranta a jiƙe, na tarar ruwan kwata ya shigo soro. Na kwashe, na share, na yi wa Inna wanka, na ba ta abinci, ko zama ban yi ba muka hau wasiƙa. A makon nan Auta ya turo mata 'yar gajeriyar murya ta waya, ba ta fi a ce sannu da jiki ba, amma ta sa na kunna mata ita har na haddace. Da aka zo kansa a wasiƙa ta ce a rubuta, duk cikin 'ya'yanta ba mai tausayinta kamarsa.

Na ajiye wayar a kan tabarma. Ni dama ba a san ni da haƙuri ba, kakata ta sha cewa da barkono aka yi mini wankan farko. Na ce, "Inna, ni fa? Ni ba ke kika haife ni ba? Tsinto ni aka yi a bakin rafin Jakara?"

Ta juyar da fuskarta wajen randa, ta ja mayafinta ta rufe gefen kumatu. Can ta ce, a hankali, "Ke dai ba ki da kunya."

Iyakar abin da na samu ke nan. Na gama wasiƙar na aika, da yabon Auta da komai, na shiga ɗaki na yi kuka irin na yara, da majina da shessheƙa, mace mai jikoki. Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda gidanta yake jikin namu, ita ta shigo ta same ni a haka. Da na gaya mata ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, "Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum. Ke da girmanki kike kishi da Auta? Uwarki tun tana amarya haka take, ranar sunanki ma a bayan ƙyaure ta wuni. Kya canja ta yanzu da ba ta da haƙori?" Na ce ni ba canja ta nake so in yi ba, kalma ɗaya nake nema. Gwaggo ta daina dariya, ta dafa kafaɗata, ta ce in yi haƙuri, wani abin sai a lahira ake jin sa. Wannan magana ba ta sanyaya mini rai ba ko kaɗan, ƙara tsorata ni ta yi.

Ba a daɗe ba ciwo ya kayar da Inna. Da hantsi ne, tana alwala, sai na ji faɗuwar buta. Na fito na same ta a zaune a ƙasa, bakinta ya ɗan karkace, hannun hagu ba ya motsi. Jininta ne ya hau. Muka kwana biyu a asibiti, kwana biyun Bahaushe, har na daina sanin ranakun mako. Ni ce juya ta, ni ce canja mata zani, ni ce ba ta ruwa da cokali. A cikin wannan hidima wayata ta suɓuce daga ƙugu ta faɗa bokitin wanki, ta mutu murus. Ɗana ya kawo mini wata. 'Yan'uwana suka koma kira ba dare ba rana, ni kuma ba ni da bakin amsawa. Abin da yake cina a rai, ina kallonta tana barci da bakin nan a karkace, shi ne kada maganarta ta ɗauke gaba ɗaya. Na roƙi Allah ya ba ta lafiya, amma ba zan yi ƙarya ba, na roƙa wa kaina ma.

Allah ya taimaka maganar ta dawo, da nauyi-nauyi, amma ana ganewa. Aka sallame mu ranar Alhamis. Washegari Juma'a gidan ya cika da 'yan dubiya tun safe, sai bayan an sauko masallaci aka sarara, ya rage daga ni sai ita sai Gwaggo a ɗakin. Inna tana kwance a kan gado, an tokare ta da filo. Ni ina zaune a ƙasa, idona kamar an zuba yashi don gajiya. Sai na ji ta ce, da harshen nan mai nauyi, "Malamin... ya san an dawo?"

Gwaggo ta ce, "Ikon Allah! Mutum ya dawo daga bakin kabari, ba abin da ya dame shi sai wasiƙa."

Na ɗauko sabuwar wayar na buɗe malamin. Abin da ban yi tunani ba, wannan sabon zama ne, duk karatun da na yi masa a baya ya tafi da tsohuwar waya a bokiti. Bai san ni ba, bai san Inna ba, bai san gargaɗin da na yi masa ba. Inna ba ta da ƙarfin faɗar abu mai yawa. Ta ce a ce da sauƙi, a ce kada kowa ya taso, a gaishe da yara. Ta bi su ɗaya-ɗaya kamar kullum, amma a gajarce. Sauran ni na cika, don na san za su tambaya: yadda ta faɗi, yadda na kira mai adaidaita sahu muka kai ta, kwanakin da na yi a gefen gadonta, abin da likita ya ce game da gishiri da magani. Na ce ya mayar da shi wasiƙa gajeriya da bakin uwa. Ya gama nan take. Don gajiya ban duba ba, na hau karantawa a fili kai tsaye, kamar yadda nake karanta wa 'yan aji uku.

Gaisuwa ta wuce lafiya. Labarin asibiti ya wuce. Na Fatakwal, ta Jidda, Auta, kowa ya samu rabonsa. Ina cikin gudu sai bakina ya riga idona, na ji kaina ina cewa:

"Yayarku kuwa, 'yata ta fari, ita ta ɗauke ni, ita ta kwana a kaina, ba ta gaji ba, ba ta yi tsaki ba. Ban san yadda zan yi ba da babu ita. Allah ya yi mata albarka, ya ba ta masu yi mata kamar yadda ta yi mini."

Sai da na kai ƙarshe na gane abin da na karanta. Abin da ya fara zuwa raina shi ne, shi ke nan, za ta ce ni na rubuta wa kaina, na sa mata a baki don ta kwanta ciwo ba ta da ƙarfin musu. Bayan abin da na yi mata ranar nan da damina, wa zai yarda ba ni ba ce?

Gwaggo ce ta fara magana. Ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa, ta ce, "La ilaha illallahu. Yau malam ya fasa ƙwai."

Na ce, "Inna, wallahi ba ni na sa shi ba. Sabuwar waya ce, bai san gidanmu ba. Yanzu zan goge."

Inna ba ta kalle ni ba. Tun da na fara layin ta juyar da kai wajen bango, inda kwallayenta na aure suke jere. Hannunta na dama, mai lafiyar, yana murza bakin zani. Na ɗora yatsa a kan rubutun zan share.

"Malamin nan," in ji ta, kalma ɗaya-ɗaya, "akwai shisshigi."

Na ce, "Ƙwarai kuwa. Bari in cire."

"Na ce a cire?"

Na tsaya da yatsa a sama. Gwaggo ta daina dariya.

"Mutum ya yi wahala ya rubuta abinsa," in ji Inna, har yanzu da bango take magana. "Ba ni na faɗa ba. Shi ya faɗa. A bar masa kayansa."

Haruffan suka narke a idona. Na so in tashi in fita tsakar gida kafin in ba da kaina, don na san in na yi kuka a gabanta kunya za ta sa ta janye maganar. Na yunƙura ke nan sai ta sake magana.

"Kunnen nan nawa tun asibiti ba ya ji sosai. A maimaita wurin."

Ƙarya take yi, Allah ya gafarta mata. Inna da take jin motsin ɓera a rumbun maƙwabta! Gwaggo ta harare ni, irin hararar da ke cewa karanta mana, sakarya. Na share ido da bayan hannu, na nemo layin, na sake karantawa. Wannan karon a hankali na bi shi, kamar ɗalibar da aka tsayar gaban aji. 'Yata ta fari. Ban san yadda zan yi ba da babu ita. Da na zo kan addu'ar sai na ƙarasa: Allah ya yi mata albarka, ya ba ta masu yi mata kamar yadda ta yi mini.

Fuskarta tana bango, mayafi ya rufe rabinta. Na ga hannun nan mai lafiya ya saki bakin zani, ya ɗago a hankali, tafin yana kallon sama. Ta shafa shi a fuska.

"Amin," in ji Inna.

Gwaggo ma ta ce amin, da ƙarfi, tana jan hanci. Ni kuwa na kifa kaina a gefen katifarta, kusa da ƙafafunta, na bar hawayen suka yi abin da za su yi. Ba ta janye ƙafar ba. Muna nan a haka har aka kira la'asar, sannan ta ce, "Ke, a aika wa yaran nan, a kawo mini ruwan alwala."